Tamanin da Bakwai

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe tara na safe, a tasha

Uwargida ce ta saya min littafin nan, mai manyan layuka irin na 'yan firamare. Ta ce in riƙa rubuta abin da na gani a hanya, in na dawo in karanta mata. Da ta ce "abin da ka gani" sai ta kama gyara bakin jakata da yake a rufe tun asuba.

Ma'aikatan shago sun san injin yankan katako zan je dubawa. Haka na gaya musu, haka za su gaya wa duk wanda ya tambaya. Takardar likita tana aljihun ciki. Idon hagu dai ya ajiye aiki shekara biyu ke nan, ba a maganarsa. Na dama kuwa ba wani abu ba ne, kamar a ce ana girki da ɗanyen itace a cikin ɗaki. Likitanmu ya ce can akwai na'urar da babu a nan, in aka yi aikin da wuri za a cece shi. Sau biyu ya maimaita "da wuri". Likitoci da son tsoratar da mutane.

Ta so ta biyo ni. Na ce shekara arba'in ina tafiya da ƙafata, tun ina yawo da zarto ɗaya na aro har na kafa shago mai ma'aikata goma sha ɗaya, ba a taɓa riƙe min hannu ba. Ta ce, "Maigida, ai ba don raini ake riƙe hannu ba." Sai ta cusa min 'yar takarda a aljihu. Na san abin da ke ciki. Lambar wayar wancan yaron ce. Ban buɗe ba.

Inda za ni gari ne mai mutane kamar ƙasa. Don yana zaune a can, ai ba shi ya gina shi ba.

Lahadi, 3 ga wata, azahar, inda mota ta tsaya cin abinci

Ina da wata ɗabi'a. Duk teburin da na zauna a gabansa sai na zura hannu ƙarƙashinsa. Sama kowa yana gogewa, saboda nan mai saye yake kallo. Ƙarƙashi kuwa daga kafinta sai Allahnsa. Duk wanda ya koyi aiki a hannuna ya san wannan kafin ya san riƙon guduma.

Na nan wurin sai da ya bar min sartse a yatsa. Na gaya wa mai abincin. Ta ce, "Baba, abinci ka zo ci ko tebur?" Duk motar ta kwashe da dariya. Na bar ta, ba sa'ata ba ce.

Wanda ke kusa da ni a mota yana ta nuna min duwatsu ta taga, wai in ga kyansu. Na ce lallai. Sun yi kyau, ina jin.

Litinin, 4 ga wata, la'asar, bayan mun ƙetare iyaka

Sun ba mu takarda mu cike, rubutun kamar ƙafar tururuwa. Na ce wa ma'aikaciyar na manta tabarau a mota. Ta dubi tabaran da ke fuskata, ta karɓi biron. Da Turancina na aji uku na sakandare da nata muka lallaɓa. Suna, sana'a, dalilin zuwa. Sai ta ce, "Wa za a kira in wani abu ya same ka?"

Na ce babu abin da zai same ni.

Ta bar wurin a buɗe, ta buga hatimi.

Daga nan yaren ya canza. Ko kukan yaransu daban yake.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma, a masauki

Mun iso. Kwana uku a kujera ɗaya, bayana kamar an daddatsa ƙusa.

Abin da na lura da shi a garin nan, don uwargida: mace ce ta tuƙo babbar motar da ta kawo ni daga tasha, kuma ba wanda ya ko juya ya kalle ta. Kowa sauri yake yi kamar ya bar tukunya a wuta. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, su jefo maka ita su wuce. Ba ya gida, ba ya iyali, ba ya gajiya. Na gaida wani dattijo a matakala irin gaisuwar mutunci, ya tsaya yana jira ya ji abin da nake sayarwa.

Mai masaukin tsohuwa ce, makullai a rataye a wuyanta kamar gandiroba. Ɗakin yana da tsabta, ba zan yi mata ƙarya ba. Teburin na kamfani ne, garin katako aka matse da gam aka lulluɓe da leda. Wannan ba tebur ba ne, alkawarin tebur ne.

Ƙofar ɗakin tana rufe kanta. Na tokare ta da guntun katakon da ke jakata. Ban san ma na taho da shi ba.

Laraba, 6 ga wata, magariba ta kusa

Asibitin ya fi kasuwarmu girma. Ba a layi a tsaye. Inji ne yake ba ka 'yar takarda mai lamba, ka zauna, in lambarka ta fito a wani allo da ke can sama sai ka tashi. Ba a kiran suna. Ba a ko ɗaga murya.

Na zauna tun ƙarfe takwas. Allon yana yin ƙara, mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni abin da nake hangowa jan abu ne kawai kamar garwashi. Asibitin ido, a ce sai mai ido ne zai san an zo kansa! Wane mai hankali ne ya tsara wannan?

Ban tambayi kowa ba. Ƙarfe huɗu mai shara ya zo ya ɗaga min ƙafa da tsintsiya.

Na gaya wa uwargida a waya cewa likitan ne bai zo ba.

Alhamis, 7 ga wata, safe

Ban fita ba. Gajiyar hanya ce.

Juma'a, 8 ga wata, la'asar

Allah Ya haɗa ni da ɗan ƙasarmu. Yana da shagon shayi a bayan asibiti, shekararsa ashirin da biyu a garin nan. Ina neman yadda zan ce a rage sukari, sai na ji an ce, "Alhaji, faɗi da Hausa, bakinka zai huta." 

Surutu gare shi kamar rediyo. Na ba shi labarin allon, a matsayin abin da ya faru da wani. Ya ce, "Ai baƙo ko yana da ido makaho ne." Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Ba na son kalmar nan. Da ya ga fuskata sai ya ƙara min madara ba tare da na nema ba.

Ya ce ran Litinin in nuna wa duk wanda ke kusa da ni lambata, zai taɓa ni in ta fito. "Mutanen nan ba sa gaisuwa, amma ba sa ƙin taimako. Sai dai ka buɗe baki. Ba sa duba fuska su gane damuwa irin namu."

Litinin, 11 ga wata, azahar

Wata mata mai goyo ce ta taɓa min kafaɗa. Na ga likita.

Yaro ne, bai kai wasu ma'aikatana ba. Amma hannunsa ba ya rawa, na yaba da wannan. Ya haska, ya leƙa, ya yi shiru irin shirun da nake yi in na ƙwanƙwasa katako na ji gara ta riga ni. Ya ce za a yi aikin ranar 23 ga wata. Ya ce kada a wuce wannan watan.

Sai nas ta kawo wata takarda. Bayan aikin za a rufe idon dama kwana uku. Tunda na hagu ba ya aiki, dole in zo da wanda zai sa hannu, ya fita da ni, ya zauna da ni kwana ukun. Ba shi, ba aiki.

Na ce ni kafinta ne, na san ɗaki da tafin hannuna, ko a duhu zan nuna mata inda kowace ƙusa take. Ta ce ta yarda, amma doka ce. Na ce a ƙasarmu mutum yana sa wa kansa hannu. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ba ka da kowa a garin nan?"

Na ce zan duba.

Litinin, la'asar

Kwana goma sha biyu.

Talata, 12 ga wata, hantsi

Na yi wa mai masauki magana, da hannu da ka da guntun Turanci. Ta gane. Ta nuna min gwiwoyinta, ta nuna matakala, ta girgiza makullanta. Ta kawo min ruwan zafi a kofi. Wannan ita ce amsarta.

Mai shayi ya ce, "Alhaji, da sa hannu ne kawai, da na sa maka har da ƙafa. Amma kwana uku? Wa zai tsare min wuta? Kuma suna bugo waya su tabbatar, mutanen nan ba su san a yi a rufa wa juna asiri ba." Ya ce uwargida ta zo mana. Na ce takardunta na tafiya ba za su fito kafin ranar ba. Wannan gaskiya ne, na tambaya.

Ya ce, "Duk zuriyarka ba ko ɗaya a kusa?"

Na ce shayin ya yi sanyi.

Laraba, 13 ga wata, bayan azahar

Uwargida a waya: "Ka buɗe takardar?"

Na ce wace takarda.

"Maigida, shekara tara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Balle ma wannan hannun bai ruɓe ba, kai ma ka sani."

Na ce layin ba shi da kyau.

Me take nufi da kai ma ka sani? Ban taɓa gaya mata komai ba.

Don uwargida, abin da na lura yau: a nan tsofaffi suna zama su kaɗai a benci a lambu, kowa da jaridarsa, ba mai yi wa wani magana. Wani yana ba tsuntsaye burodi. Na zauna kusa da shi kusan awa guda. Da zai tashi ya gutsura min burodin, wai ni ma in ba su. Na rasa abin da ya sa abin ya tsaya min a rai.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe



Wurina na kullum a shagon shayi wani ya riga ni, sai na koma teburin da ke lungu. Na zura hannu kamar yadda na saba. Sumul. Na bi shi har ƙarshe, sumul kamar kuncin jariri. Gefen ciki an kashe masa kaifi, yadda ba zai kama rigar mutum ba. Inda ƙafa ta haɗu da sama babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya shiga cikin katako. Na durƙusa a ƙasa ina shafawa, mutane suna kallona.

Mai shayi ya ce, "Alhaji, kuɗi suka faɗi?"

Na ce wa ya yi wannan.

"Wani ɗan ƙasarmu ne, yana da shago a layin masu gyaran kujeru, bayan gadar jirgin ƙasa. Ba ya son magana. Na ce masa wa zai leƙa ƙarƙashin teburin shayi, ya ce haka aka koya masa. Kullum da fensir a bayan kunnen hagu." Na ji yana kallon kunnena. Na cire fensirin na sa a aljihu.

"Ikon Allah," in ji shi. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na biya na fita. Na bar hulata, sai da ya biyo ni da ita.

Alhamis, la'asar

Aikin ba laifi. Ƙafar baya ta ɗan fi sauran kauri. Kaɗan.

Juma'a, 15 ga wata, safe

Ba ta fi ba. Na koma na auna.

Asabar, 16 ga wata, azahar

Na fita miƙe ƙafa, ƙafar ta kai ni gadar jirgin ƙasa. Layin yana da shaguna sun fi ashirin, duk ƙarar inji. Ban tambayi kowa ba. Ban karanta allon kowa ba, ko na so ba zan iya ba. Na bi a hankali ta tsallaken titi har na ji zarton hannu. Ja uku dogaye, a ɗan tsaya, a hure garin katako, a ci gaba. Mutum biyu ne a duniya suke yanka haka.

Na tsaya jikin wata bishiya. Ina hango inuwar mutum a sunkuye. Ya yi faɗi a kafaɗa. Lokacin da ya bar gida siriri ne.

Na kai rabin awa. Sai na dawo.

Hayaƙin idon ya ƙaru yau. Fuskar mai masauki sai da ta matso na gane ta.

Lahadi, 17 ga wata, hantsi

Wannan shafin ba zan karanta wa uwargida ba.

Ƙofofi goma sha biyu ne, na wani babban gida, katako mai tsada da aka yi wata biyu ana jira. Ni na je na auna. Na rubuta faɗin a guntun katako na ba yaron, na ce ya yanka. Ya yanka duka, ya haɗa, ya goge, sati uku yana kansu. Ranar da aka kai, kowace ƙofa ta kasa cika gurbinta. Tazarar yatsu uku. Mai gidan yana tsaye, magina suna tsaye, ma'aikatana suna tsaye.

Na mare shi. Ɗan shekara ashirin da huɗu, a gaban mutane. Na kuma yi masa wata tambaya, da kalmar nan ta mai shayi da ba na so. Sau biyu na yi ta, da ƙarfi.

Ya ajiye tef ɗinsa na awo a kan ƙofar ya tafi. Washegari uwarsa ta ce ɗakinsa babu kowa.

Ranar ce na tsinci guntun katakon a ƙarƙashin bencinsa. Tamanin da ɗaya, da rubutuna. Na koma gidan ni kaɗai da rana tsaka na sa tef. Tamanin da bakwai. Sai da na kai fuskata dab da tef ɗin kafin na gani. Tun lokacin abin ya fara, ashe.

Na ce zai dawo in ya huce, sai in san yadda zan yi. Na ce uba ba ya bin ɗa. Na ce abubuwa da yawa.

Ga guntun can yana tokare da ƙofa.

Litinin, 18 ga wata, la'asar

Nas ta bugo. Tana son sunan mai rakiya kafin ranar Alhamis, in ba haka ba za su ba wani ranar tawa. Ta gaba sai bayan wata huɗu.

Wata huɗu.

Talata, 19 ga wata, azahar

Na koma jikin bishiyar. Ina tsaye sai ga wata mata ta tsallako titi da kujera a hannu, ta ajiye a gabana. 'Yar garin ce, na ji a harshenta. Amma da Hausa ta yi magana, Hausa mai ɗingishi.

"Sannu, Baba. Zauna. Rana da zafi."

Na ce wucewa nake yi.

"Ran Asabar ma ka wuce. Rabin awa."

Ta kalle ni ido cikin ido, yadda matan nan suke yi, ba sunkuyar da kai. Da a gida ne da na ce rashin kunya ne. Amma ta riƙe bayan kujerar har na zauna. Ta ce ita ce matar mai shagon, ya fita kai aiki. Ta ce akwai hotona a ɗakinsu, shi ya sa. Wata 'yar yarinya ta biyo ta ta laɓe a bayanta. Ta ce mata wani abu da yarensu, sannan ta ce, "Gaida Kaka."

Ban san akwai ta ba. Uwargida ta sani, na tabbata ta sani.

Yarinyar ta taɓa gemuna. Na kasa ganin fuskarta sosai. Na kai ido kusa, na kai, har ta tsorata ta ja baya. Uwar ta lura. Ba ta tambaya ba.

Na ce kada ta gaya masa. Ta ce, "Ni ba na ɓoye masa. Amma ba zan kawo shi ba. Kai ka san hanya."

Kujerar ma na shafa ƙarƙashinta. Ba sai na faɗa ba.

Laraba, 20 ga wata, safe

Mai shayi: "Alhaji, girman kai rawanin tsiya ne. Ka ɗaura ya rufe maka ido, ga shi dama idon ba yawa."

Na ce ya kiyaye ni, na girme shi.

"Da wata nawa? Sha shayinka. In ka ƙi zuwa, ni zan rufe shago in je in ce masa ubansa yana nan yana lalube min ƙarƙashin tebura, kwastomomi sun fara tsoro."

Laraba, la'asar

In na je yanzu zai ce buƙata ce ta kawo ni. Kuma gaskiya ne. Abin da ke hana ni zama ke nan. Shekara tara ban zo ba sai da na rasa mai riƙe min hannu.

In ya ƙi, ya yi daidai.

Gobe Alhamis.

Alhamis, 21 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, tun ina iya ganin layi.

Na cire guntun katakon, ƙofar ta rufe kanta a bayana. Ƙarfe tara ina bakin shagon. Wannan karon na tsallaka titi. Wani mai keke ya kusa kwashe ni, ya zage ni da yarensu, na ce na gode.

Yana yanka. Ja uku, ya tsaya. Bai hure garin ba.

Na yi sallama. Ya amsa a hankali. Ya ajiye zarto, ya goge hannu a wando, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Umma?" Muryarsa ta yi kauri. Na amsa. Muka ƙare gaisuwa, muka sake wata, muka rasa ta uku.

Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Sai na ciro guntun na ajiye a kan bencinsa. Ya ɗauka. Ya daɗe yana juya shi.

Na ce, "Tamanin da bakwai ne. Ni na rubuta tamanin da ɗaya."

Ya ce, "Na sani, Baba."

Na ce ka sani?

"Tun a wurin. Da ƙofar farko ta ƙi, na sa tef. Guntun nan yana aljihuna lokacin."

"Yana aljihunka? To me ya hana ka fito da shi?"

"A gaban mai gida? Da magina? Su tafi suna cewa idonka ya fara tafiya? Wa zai sake kawo maka aiki?" Ya ajiye guntun. "Marin ban damu da shi ba. Na bar maka shi a ƙarƙashin benci inda za ka gani. Na ce in ka gani za ka kira. Wata shida ban canza layin waya ba. Da na canza ma na ba Umma."

Ni da nake cewa shekara arba'in ba a taɓa riƙe ni ba. Ashe shekara tara a riƙe nake ban sani ba.

Na ce, "Tambayar da na yi maka ran nan, ga ta ta dawo gida. Ka yafe min." Ban taɓa faɗa wa mahaluƙi wannan ba. Ba ta da tsawo ashe.

Ya juya baya yana gyara kayan aikin da suke a gyare. Ya ja hanci. Sai ya ce, "Umma ta ce ran Asabar ne aikin. Ina takardar?"

Wato ita da shi suna magana tun ina mota.

Na ce ba don takardar kaɗai na zo ba. Ya ce, "Na sani. Da don ita ce, da mai shayi ka aiko." Na miƙa masa. Ya ciro fensir daga bayan kunne, matarsa ta ƙwace ta ba shi biro.

Juma'a, 22 ga wata, la'asar

Na bar masauki. Tsohuwar ta rungume ni a bakin ƙofa, makullanta suka soke ni a ƙirji. Haka suke yi a nan, ba ruwansu.

Ɗakin da suka ba ni yana kallon gabas. Na ce a kawo min yarinyar bakin taga inda haske yake. Na daɗe ina kallonta. Goshin uwargida ne, sak. Na kalli uban ma. Yana da furfura biyu a gemu, ko uku. Na kalle su da kyau, ko da wani abu.

Likita bai yi alkawari ba. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Ina jin tsoro. Ga shi na rubuta.

Lahadi, 24 ga wata, hantsi

Baba ne yake faɗa, ni nake rubutawa, saboda idon a rufe yake sai ran Talata.

Ya ce a rubuta an yi aiki jiya, likita ya ce ya tafi yadda ake so, sauran sai an buɗe. Ya ce a rubuta bai yi ko tari ba. (Ya riƙe min hannu har sai da yatsuna suka mutu.) Ya ce me nake ƙarawa, ya ji biro ya wuce maganarsa. Na ce ba komai.

Ya ce a rubuta wa Umma cewa matakalar asibitin ashirin da shida ce, ya ƙirga, kuma mutanen garin nan da suke ta sauri duk sun tsaya sun ba mu hanya.

Yanzu yana shafa ƙarƙashin teburin da ke gefen gadonsa. Ya daɗe. Ya ce akwai wani wuri a lungun hagu da ban goge sosai ba. Na sa hannu, babu. Ya ce in sake dubawa. Na kawo hannuna inda nasa yake, sai ya riƙe.

Ya ce a rubuta: ɗana ne ya yi teburin.

Ya ce in karanta masa layin, ya ji ko na rubuta daidai.